Na'a-na'ar Kurmi a Kan Layi

Abin da ya fara faɗar wa Auta da gaba da safen nan shi ne tsaftar tsakar gida. Gidan da mutum ba ya iya gilmawa bai yi tuntuɓe da ledar shuka ba, yau ga shi fayau, har da shara aka yi. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana kallon gindin katanga. Nan ne Baba yake jera baƙaƙen ledojin da yake renon furenta a ciki, ƙarƙashin wata 'yar rumfar buhu. Rumfar tana nan. Ledojin kuwa ko ɗaya babu, sai shatin damshin da kowacce ta bari a kan siminti.

"Baba!"

Shiru. Ta leƙa ɗakinsa. Gado a gyare, rediyo a kashe, wayarsa na kwance a kan matashi, yadda ya saba barinta duk ranar da aka fi bukatar a same shi. A bayan ƙofa, inda yake rataye fartanya da igiyar awo da turakunta, ƙusoshi ne kawai suka rage.

Maƙwabciyarsu ta leƙo ta saman katanga da kumfar wanki a hannu. "Au, ba ki sani ba? Ai gari bai gama wayewa ba abokinsa mai sayar da taki ya zo da motar kaya, suka kwashe komai har da baro. Na ce Baba ina zuwa haka, ya ce mini aiki za shi. Sai wani washe baki yake yi, kya ce albashi aka ƙara masa."

Auta ba ta san lokacin da ta zauna a kan dakali ba.

Ita dai ma'aikaciyar sashen kula da gandun daji ce, kuma a ofishinsu ba a san ta da komai ba sai da ciyawa guda ɗaya. Wasu na bin masu sare itace, wasu na bin mafarauta, ita kuwa baiwar Allah shekara da shekaru tana durƙushe a gaban wani tsiro da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Dangin na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya: kara mai kusurwa huɗu, ganye bibbiyu suna kallon juna, in ka murza ƙamshin ya bi ka har gida. Furanninsa ƙanana ne, shunayya, kowanne da leɓen ƙasa a sake kamar yaro zai yi kuka. Ba ya son rana, ba ya son duhu, ba ya son ruwa ya kwanta masa, ba ya kuma son ƙasa ta bushe. Fitinanne ne na gaske. A da ana samunsa a kurmi da yawa. Aka sare wannan, aka gine wancan, har ya zamana wuri ɗaya tak ya rage masa, wani ɗan gangare a bakin rafi, cikin kurmin da ke bayan gari. Auta ce ta raɗa masa na'a-na'ar kurmi, sunan kuma ya bi shi.

To, ta kan wannan gangaren ne wani kamfanin fasa dutse yake so ya fitar da titin manyan motocinsa. Auta ta yi rubutu, ta yi roƙo, ta yi faɗa, har aka gaji da ita aka ce to an ji. Ma'aikata za ta turo wata Farfesa wadda ba ruwanta da kowa. In ta ga tsiron da idonta yana fitowa da kansa a wurin, ta sa hannu, doka ta kare kurmin, titi ya nemi wata hanya. In ba ta gani ba, katafila ta shiga. Yau ce ranar zuwanta.

Sai kuma damina ta yi abin da ta ga dama. Ruwa ya zo a makare, tsiron ya fito 'yan ƙalilan, sirara, tsutsa ta huda musu ganye, masu kan fure a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Auta ta riƙa kawo wannan kukan gida, tana zuba wa Baba a kan shayin safe. Shi kuwa Baba tsohon mai lambun hukumar birni ne. Duk wani shataletale da ke garin, da gaban duk wani ofishin gwamnati, hannunsa ne ya dasa furen da ke wurin, da igiya da turaku, ba wanda ya isa ya nuna masa guda ɗaya da ya karkace. Tun da ya yi ritaya yake neman abin da zai daidaita a duniya, har takalman baƙi jerawa yake yi in sun shiga falo. Da irin da Auta ta ɗebo da izinin ofis ya ƙi tsira a hannun kowa, shi ta kawo wa, ya kuwa tashe shi ya yi kore shar. Ranar nan da ta cika shi da ƙorafi sai ya ce, "To ke Auta, ga nawa nan sun yi fure har suna rinjaya. A kai su mana." Ta yi dariya ta ce, "Kai Baba, ai ba a yin haka," ta ci gaba da latsa wayarta. Ba ta gaya masa dalili ba. Yanzu da take zaune a kan dakali, wannan dariyar ce take ci mata rai.

Kuma ya san wurin. Ita da kanta ta kai shi bara, da ya dame ta da son ganin inda abin yake fitowa.

Tana shirin tashi ta nemi mai babur ta riga kowa isa, sai ta ji hon a ƙofar gida. Motar ofis ce, mai buɗaɗɗen baya. Malamin daji ne a kan sitiyari, cikin kakinsa. A gefensa wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce da gilashin duba tsiro rataye a wuya, sanda a tsakanin gwiwoyi. A baya kuma wani mai tumbi da farin takalmi ya cika rabin kujera, injiniyan kamfani, wanda aka ce dole a tafi da shi ya zama shaida.

"Farfesa ta ce a yi sammako," in ji malamin daji. "Shi ya sa muka biyo miki."

Auta ta rusuna ta gaishe su, ta shiga.

"Malama mai fure!" Injiniya ya matsa mata kaɗan yana dariya. "Yau dai za mu ga wannan sarauniyar da ta tsayar mana da katafila. Ni fa har turare na fesa, kada ta raina ni."

Ta yi yaƙe. Suna fita unguwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ko za mu tsaya ki ɗan sa wani abu a bakinki? Tafiyar ƙasa ce mai ɗan nisa."

"Na karya," in ji Farfesa, ba ta ko waiwayo ba.

Can gaba Auta ta sake gwadawa. Ta ce wa malamin daji hanyar gada ta lalace, gara su zagaya. Ya dube ta ta madubi da mamaki, ya ce ai jiya ya bi ta, lafiyarta ƙalau. Auta ta koma ta jingina da kujera. A ranta lissafi take yi wanda ba ya fita. In ta faɗi gaskiya yanzu, ga injiniya a gefenta da kunne a buɗe, kafin su isa kurmi labari ya kai ofishin kamfani. In ta yi shiru, wataƙila Baba ya kai ledojin ne kawai ya ajiye a gefe yana jiranta. Wataƙila ya ɓata hanya. Wataƙila motar mai taki ta mutu a titi, ai ba yau ta fara ba. Tunda take ba ta taɓa roƙon Allah ya lalata motar wani ba sai yau.

Inda titi ya ƙare kurmi ya fara, suka sauka. Ga sawun taya nan sabo fil a cikin laka, inda wata mota ta juya ta koma. Daga nan wani siririn layi ya shige cikin itatuwa, sawun baro ne, an tura shi da kaya, an dawo, an sake turawa.

Injiniya ya nuna da bakin takalminsa. "Ashe sarauniyar taku har baro ake kai mata?"

"Masu ɗiban yashi ne," in ji Auta. Ƙaryar ta fito da kanta, ta kuma ji kunyarta nan take, don Farfesa ta ɗan tsaya ta dubi sawun, ta dubi Auta, sannan ta wuce gaba.

Tsohuwar nan da sandarta ta fi su sauri. Tana tafe tana jefo tambaya ba tare da ta juyo ba. Wace irin ƙasa ce? Auta ta ce baƙa ce, ruɓaɓɓen ganye ne ya taru a kan tsakuwa. Rana fa? Ta ce da hantsi kawai take ratsowa ta tsakanin rassa, kafin azahar inuwa ta rufe. Me ke kawo masa barbara? Wata 'yar ƙaramar zuma ce mai gida a cikin ƙasa. Yaya yake yaɗuwa? Ta iri kaɗan ne, yawanci saiwa ce ke rarrafe a ƙarƙashin ganye ta ɓullo can, ta ɓullo nan, shi ya sa ba ka taɓa ganinsu a tare, sai a warwatse.

"A warwatse," in ji Farfesa. "Haka ya kamata."

Auta ta sake duban ƙasa. Sawun baron bai karkace ko'ina ba, yana gabansu, yana bin duk kwanar da za su bi.

Ƙamshi ne ya fara tarye su. Da can sai ka durƙusa ka murza ganye kafin ka ji shi. Yau tun kafin su ga rafi ya cika musu hanci kamar an shiga shagon mai shayi. Suka zagaya wata katuwar bishiya da ta faɗi, gangaren ya bayyana.

Innalillahi. Auta ta dafe bishiyar da hannu biyu.

An share wurin tas. Ruɓaɓɓen ganyen da ya yi shekaru yana taruwa an tattare shi gefe guda. An kafce ƙasa, an baje ta, an daidaita. A kanta kuma ga na'a-na'ar kurmi nan, kore shar, fure ya yi musu nauyi, a jere layi-layi tun daga sama har bakin ruwa, tsakanin kowacce da 'yar'uwarta taki ɗaya, ba daɗi ba ragi. Kowacce an yi mata ɗan gurbin ban-ruwa a gindi, an danne ƙasar da dunduniya. Layin ƙarshe ma ba a kai ga cire igiyar ba, tana nan a miƙe tsakanin turaku biyu.

Injiniya ne ya fara magana, in dai dariya magana ce. Ya riƙe ciki, ya sunkuya, ya ɗago da hawaye a ido. "Kai! Kai jama'a! Ashe ciyawar daji ma faretin soja take yi? Malama, wallahi na sara miki. Ko mu da muke da na'urar awo ba ma fitar da layi haka." Ya zaro waya ya fara ɗauka.

Farfesa ta wuce shi. Ta taka a hankali zuwa layin farko, ta durƙusa, ta sa yatsa biyu a gindin guda ɗaya ta ɗaga. Ta taso gaba ɗaya, saiwarta a dunƙule, da siffar ledar da ta girma a ciki. Ta juya ta, ta shinshina ƙasar.

"Takin shanu," in ji ta. Ta ɗago ta dubi Auta. "Ina na ainihin?"

Auta ta riga ta fara nema. Ta san kowanne da wurinsa, na gindin dutse, na kusa da kututture, biyun da ke leƙen ruwa. Ta ruga can, ta dawo nan, babu. Sai idonta ya kai kan tarin sharar da aka yi a gefe, an ma tattara ta da kyau. Ta zube a gabanta ta fara tonawa da hannu. Suna ciki. Sirara, ganye duk huda, sun fara yaushi, dogayen saiwoyinsu an tsinke su. Ɗaya ma kan furenta ya fara buɗewa. Ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan cinyarta. Ta juya wa injiniya baya don kada ya samu na ɗauka.

"A'a, har kun iso?"

Baba ne yake haurowa daga rafi, ya naɗe ƙafar wando, butar ban-ruwa a hannu, laka har gwiwa. Fuskar nan tasa kuwa tana ta annuri. Rabon da Auta ta ga wannan fuskar tun kafin ya ajiye aiki.

"Ke Auta, ai da kin ce da wuri za ku zo, da na cire igiyar nan." Ya ajiye butar, ya goge hannu a riga, ya rusuna wa Farfesa. "Ranki ya daɗe, sannu da zuwa. Yallaɓai, sannunku. A yi haƙuri da wurin, hannu ɗaya ne, ga tsufa."

"Baba," in ji Auta. Ta nuna masa tsiron da ta tono. "Baba, waɗannan fa?"

Ya dubi abin da ke cinyarta, ya yatsina fuska. "Wai kumaman nan? Haba Auta. Ai ba a nuna wa baƙo irin wannan. Duk tsutsa ta gama da su, da na bar su sai su shafa wa masu lafiya. In za ka yi dashe sai ka fara fitar da marasa ƙarfi, wannan ko yaron lambu ya sani."

Malamin daji ya juya baya ya cire hularsa, ya sake mayarwa.

Injiniya ya matso da waya a ɗage, murya ta yi laushi kamar ta mai neman aure. "Baba, sannu da ƙoƙari. Gaskiya aiki ya yi kyau. Wa ya sa ka wannan aikin?"

Auta ta ɗago da sauri. "Baba, kada ka..."

Ina, ai ya riga ya buɗe baki. Kuma me zai ce? Mutum ne da duk rayuwarsa in aka yaba lambu sai ya ce aikin shugabansa ne, ga shi yau shugaban nasa 'yarsa ce ta cikinsa, a gaban manya. Ya gyara tsayuwa ya nuna ta da hannu. "Ai duk aikin 'yata ne, yallaɓai. Ita ta kawo mini irin, ita ta nuna mini wurin. Ni hannu kawai na sa. In akwai yabo, ita za a yaba wa."

"Madalla," in ji injiniya. Ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya daddaɓa aljihun.

Farfesa ta dogara sandarta ta miƙe, ta zo ta karɓi ɗaya daga cikin tsiron da ke cinyar Auta, ta sa gilashinta ta daɗe tana duba saiwar. Sannan ta je ta caka sandar cikin kaftun ƙasar, ta tono wani guntun farin abu kamar zare, ta duba shi shi ma.

"Ki tashi, zan yi miki magana a gaban kowa, don ba na magana a ɓoye," in ji ta. Auta ta tashi. "Waɗannan da aka tuge na daji ne, tsofaffin saiwoyi ne, na gani. Akwai guntayensu a cikin ƙasa. In aka cire na leda yau, aka mayar da ganyen nan, aka bar wurin ya huta, mai yiwuwa wasu su farfaɗo damina mai zuwa. Mai yiwuwa na ce. Amma ni abin da ya faru zan rubuta, kuma ɗaya ne cikin biyu. In ke kika sa aka yi wannan, ma'aikaciya ta shirya wa hukuma yaudara ke nan. Buƙatarki ta mutu, duk abin da kika taɓa rubutawa a kan wurin nan ya zama abin zargi, kamfani ya shiga. In kuwa wani ne ya yi ba da saninki ba, to ɓarna aka yi wa wurin da ake kan bincike. Zan nemi a dakatar da titi har shekara ta zagayo in dawo. Shi kuma wanda ya yi, doka ta san da shi." Ta juya ga malamin daji. "Ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranki ya daɗe." Da ƙyar ya faɗa. "Sai na tafi da shi ofis ya ba da bayani. Daga nan kotu."

"To. Ke kika sa shi?"

Sai a lokacin annurin fuskar Baba ya fara dusashewa. Ya dubi Farfesa, ya dubi layukansa, ya dubi Auta, kamar wanda aka yi wa magana da wani yare. "Kotu kuma? A kan fure?"

Malamin daji ya matso kusa da Auta, ya yi ƙasa da murya. "Malama, tsoho ne fa. Ki ce ke ce. Iyakaci su canja miki wurin aiki. Ciyawa ce fa, Malama."

"Ai ba sai ta ce komai ba," in ji injiniya. "Baba ya riga ya faɗa da bakinsa, yana nan a wayata. Ko za ki ƙaryata mahaifinki ne, Malama?"

Nan ne ya taɓa inda yake ciwo, ya kuma san ya taɓa. Auta ta tsani mutumin nan a lokacin, tsana mai tsanani, ta kuma ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ce wa Baba ba haka ba ne a gaban wani. Mutumin da ya rene su shi kaɗai bayan rasuwar mahaifiyarsu, wanda ko ƙofar ofishin 'yan sanda bai taɓa takawa ba, wanda in ya ga mai kaki yake sauka daga kan keke. Shi za ta miƙa? Kalma ɗaya ce, ta ce ni ce, su koma gida tare, ta dafa masa ruwan wanka. Sati mai zuwa katafila ta bi ta kan gangaren nan, da guntayen saiwoyin, da 'yar zumar da gidanta, shi ke nan, a duk duniya babu sauran inda abin nan yake fitowa da kansa. Kuma ƙarya ce za ta yi don hakan ya faru.

Ta dubi abin da ke hannunta. Ta kasa duban Baba.

"Ban sa shi ba," in ji ta.

"Ɗaga murya," in ji Farfesa.

"Ban sa shi ba, ranki ya daɗe. Irin na ba shi ya rena a gida, da izinin ofis. Wurin na nuna masa bara, wannan laifina ne. Amma da ya ce a kawo su nan na ce masa ba a yi. Ban san zai zo ba. Shi kaɗai ya yi." Ta dubi injiniya. "Abin da ya faɗa ɗazu ba haka ba ne."

Farfesa ta juya ga Baba. "Malam, ka ji abin da ta ce. Haka ne?"

Baba bai dubi Farfesa ba. Yana kallon Auta ne, ita kuma tana jin kallon a gefen fuskarta kamar zafin murhu. Da ya yi faɗa, da ya zage ta, da ta ji sauƙi. Sai kawai ya sunkuya ya warware ƙafar wandonsa, ɗaya, sannan ɗayar.

"Yadda ta faɗa, haka ne," in ji shi.

Injiniya ya yi tsaki ya koma gefe yana kiran waya, yana faɗa da wani a kan hayar katafila. Farfesa ta ce a fara cire na leda tun ƙasarsu ba ta gauraya da ta kurmi ba. Auta da malamin daji suka shiga tugewa suna lodawa a baro. Baba ya yi taku ɗaya zai kama musu, Farfesa ta ɗaga sanda ta ce shi kam kada ya sake taɓa komai a wurin. Ya ce to. Ya koma gindin bishiyar da ta faɗi ya tsaya, hannu a baya, yana kallo ana tuge aikinsa. Auta na aiki hawaye na zuba, ba ta ƙara damuwa da wanda zai gani ba. Da suka gama suka mayar da ganyen, suka binne tsofaffin saiwoyin inda take tuna kowacce take.

Ta samu abin da ta yi shekaru tana nema, ko kusa da shi. Ba ta ji daɗin komai ba.

Da suka iso mota Auta ta yi sauri ta riga kowa, ta buɗe ƙofar baya, ta share kujerar da gefen mayafinta.

"Baba, shiga nan. Ni sai in hau baya."

Ya tsaya nesa da ita kaɗan. Ya dubi ƙafafunsa da laka ta bushe a kai, ya ɗan rusuna mata kamar yadda ya yi wa Farfesa.

"A'a, ranki ya daɗe. Zan ɓata muku mota."

"Baba, don Allah."

Ya zagaya bayan motar, inda aka ɗora baro da tarin furen da aka tuge. Ya kama ƙarfe ya ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi, ya dawo ƙasa. Auta ta miƙa masa hannu. Ya waiwaya ya ce wa malamin daji, "Ɗana, ɗan taimaka mini." Malamin daji ya tallafe shi ya hau.

Auta ta shiga ciki ta zauna kusa da injiniya. Ta ɗan gilashin baya tana hango shi, ya ba su baya, ya riƙe baron da hannu ɗaya don kada ya gangara. Har suka shiga gari bai juyo ba.